Daminar da Na Zaga da Ƙwaryar Illa

Bana ruwa ya yi mana rowa a Dogon Dutsi. Hadari kan taso daga gabas baƙi ƙirin, iska ta kwashe shanyar mutane, ta cika mana tukwane da rairayi, sai kuma ya bi ta bayan dutse ya wuce sum-sum kamar wanda ya hango surukinsa. Geron da aka shuka ya tsaya iya gwiwa, ganyensa ya nannaɗe. A kasuwa kuwa sai ka yi bisimilla kafin ka tambayi kuɗin tiyar hatsi. Cikin wannan hali ne ɗiyata Ramatu ta ci bak, jarrabawar gama sakandare, aka ba ta wuri a jami'a. Ubanta ya rasu tun tana ƙarama, ni kuma ƙosai nake toyawa a bakin tasha, kuma ni aka zuba wa ido in nemo abin da za a kai ta da shi.

Nasiru, ɗan ƙanen mijina, shi ya zo mini da dabara. Shagon waya gare shi a bakin kasuwa, yaro ne mai addini, wandonsa ba ya taɓa idon sawu. Ya tsuguna kusa da kaskona yana korar hayaƙi da hannu.

"Tanti, ai yanzu an daina wannan kukan," in ji shi. "Akwai gurup ɗinmu na 'yan Arewa, yankinmu na nan, a waya, har na Kwatano da Abijan suna ciki. Da shi muka rufe ajin lakwal, makarantar yara, da iska ta kware bara. Hoton Ramatu za mu sa da takardarta, ke kuma ki yi magana da bakinki. Kowa ya turo nasa, a faɗi sunansa kowa ya ji. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka."

"In ce mi?"

"Ki ce ba ku da shi."

Na dube shi sama da ƙasa. Na ce ya tashi mini a nan kafin in watsa masa mai, wai ni zan tsaya in gaya wa Arewa da Abijan ba ni da shi. Ya tashi yana dariya, don duk dangi sun san bakina ba shi da marfi. Amma ƙosan da ke cikin kasko a lokacin ƙonewa ya yi, saboda hankalina ya bar tasha ya koma ƙauyenmu na arewa da Matankari, wata daminar da Ramatu take goye a bayana.

Shekarar da ta gabaci waccan damina fara ce ta sauka. Ruwa ya ɗauke gero yana bununi, abin da ya rage fara ta lashe, har bawon itace ba ta bari ba. Tun kafin bazara rumbuna suka zama ɗakin kwanan ɓeraye, su ma ɓerayen suka gaji suka watse. Maza suka yi kudu cin rani, har da mijina. Ni na zo gida wankan jego, ban koma ba, don can ma ba abin da zan tarar. Gidanmu mu huɗu ne: Inna, ni, jaririyata, da ƙanena Illa da ke lise, wato babbar sakandare, a nan Dutsi, yana zuwa in an yi hutu. Babanmu ya daɗe da rasuwa.

Wanda bai ga bazarar yunwa ba bai san zafi ba. Rana kan fito fara fat kamar ba ta kwana ba, kafin hantsi rairayi ya fi ƙarfin tafin ƙafa. Da asuba muke fita mu mata, kowa da masaki a ka, mu yi nisa cikin daji ɗibar anza. 'Ya'yan wani ɗan itace ne, ƙanana kamar wake, ɗacinsu kuwa ya fi maɗaci. Sai an ɓare, an tafasa, an jiƙa, a yi ta sauya ruwa kwana da kwanaki, ruwan ma daga rijiya mai gaba da yawa, jan guga ɗaya sai ka ga duhu. In ɗacin ya ragu a dafa da ɗan gishiri da kanwa. Yana tare ciki, shi ke nan abin da zan faɗa a kansa. Ranar kasuwar Matankari, in an samu mai sayen kaza ko tabarma, a auno garin rogon da ake kawowa daga Kamba, a jiƙa shi ya kumbura ya ruɗi ido. Nonona ya janye. Ramatu ta tsotsa ta tsotsa, ta saki ta yi wani siririn kuka da har yau in na ji ɗan akuya ya yi irinsa sai gabana ya faɗi.

Muka yi binne, wato muka zuba iri a busasshiyar ƙasa muna jiran Allah. Malamai suka fita roƙon ruwa, tsofaffi kuma suka bi ta bayan gari wurin masu iskoki, kowa da ƙofar da ya sani. Ruwan farko da ya sauka, har yanzu ina jin ƙamshin ƙasar nan a hancina. Yara suka fito tsirara da manyan cikkuna da siraran ƙafafu suna tsalle. Gero ya tsiro, ciyawa ta tsiro tare da shi, ga noma ya zo ba ƙarfin riƙe hauya. Mutum ya yi kunya biyu sai ya nemi gindin gawo ya kwanta. Tafasa ta fito muka koma kanta, safe tafasa, dare tafasa, har bakin kowa ya yi kore. Abin da ya fi damuna shi ne shirun garin. Ƙauyen da tun asuba ake jin lugude ta kowace kusurwa, sai ga shi an yi makonni ba a ji tabarya ta taɓa turmi ba.

Ana cikin wannan Illa ya dawo daga Dutsi a ƙafa, ya rame kamar kara, yana murmushi har kunne. Ya ci bak. Tunda aka kafa ƙauyenmu ba wanda ya taɓa kaiwa nan. Mata suka so yin guɗa, muryar ta ƙi fita sosai. Ya zauna ya yi wa Inna bayani: dole ya je Yamai da kansa ya kai takardu kafin a rufe karɓa, kuma rufewar tana gaban kaka, ba ta jiran gero ya nuna. Ana bukatar kuɗin mota, da na rajista, da abin da zai ci kafin tallafin gwamnati ya fara fitowa. Wurin kwana akwai wani ɗan garinmu mai gadi da zai ba shi tabarma. Likitan dabbobi yake so ya zama.

Inna ta ce, "Sai a fitar da ƙwarya."

A garinmu haka ake yi tun kakanni. In wani zai yi tafiyar da ta shafi gari duka, ko hajji ta ƙasa, ko neman magani mai nisa, ko karatu, sai gidansu su fitar da babbar ƙwarya a rufe da faifai, a ɗaure da zane. Ba a fita da ita wofi, masu gida su ke fara zuba nasu, shi ake kira gindin ƙwarya. Ɗiyar gidan da ta yi aure ita ke ɗauka, ta bi gida gida. In ta shiga, ta sauke a ƙofar ɗakin uwar gida, ta koma zaure ta juya baya. Matar gida ta ja ƙwarya ciki, ta zuba abin da Allah ya hore, ta rufe ta ɗaure, ta kira a zo a ɗauka. Mai tiya biyar da mai tafi ɗaya da wadda ba ta da ko ƙwaya, duk godiya ɗaya ake yi musu. Ba a buɗewa sai an koma gida. Hatsin a kai kasuwa, a sallami matafiyi.

Wani tsoho maƙwabcinmu ya leƙo ya ce wa Inna wannan ba lokacin ƙwarya ba ne, ta bari a yi girbi. Ta ce Yamai ba ta san girbi ba. Ta shiga ɗaki ta jawo wata tukunya daga ƙarƙashin gado, bakinta a liƙe da laka. Ragowar iri ne, wanda ta ɓoye ko da shuka za ta ƙone a sake. Duk yunwar nan da muka sha, duk kukan Ramatu, ashe akwai gero a ɗakin da nake kwana. Na buɗe baki zan yi magana, ta dube ni, na rufe. Ta juye shi duka a ƙwaryar, ya kai kusan rabi.

Ni ce ɗiyar fari, Inna ba ta kama sunana. "Ke," ta ce, "ɗauki. Ki gaida kowa, kada ki tsaya surutu."

An yi yayyafi da safe, rana ta fito a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, gari ya yi turiri. Na goya Ramatu, na naɗa gammo, aka aza mini. To akwai abin da kakanninmu ba su yi lissafi da shi ba lokacin da suka ƙago wannan al'ada. Sun rufe idon mai ɗauka, sun manta da wuyanta. Macen da ta tashi tana ɗaukar tulu da itace, ko tafi ɗaya aka ƙara mata a ka sai ta sani. Gidan farko na ji an ƙara kaɗan. Na biyu ba a taɓa ba, matar ta daɗe a ɗaki tana motsa faifai don in ji, ta fito tana sa albarka idonta a ƙasa. Ban ji haushinta ba. Haka na yi ta bi, nan a ƙara ɗan abu, nan a mayar mini yadda na kawo, zufa tana bin bayana tana jiƙa jaririya.

A tsakiyar gari na fara jin abin da ban gane ba. Na fito daga wani gida na ji kamar kayan sun ragu. Na ce yunwa ce ke juya mini kai. Gida na gaba ma haka, kaɗan dai, kamar an ɗebi tafi biyu. Na yi ta istigfari ina cewa shaiɗan ne. Sai na iso gidan Gwaggo Dije.

Gwaggo Dije aminiyar Inna ce tun suna 'yan mata, ita ta yanke mini cibiya. Ɗanta ya tafi kudu ya bar mata jikoki uku, uwarsu ta rasu wurin haihuwa. Na tarar da biyu a kwance a tabarma a inuwar ɗaki, gashinsu ya yi ja, ƙudaje a bakinsu ba mai korewa. Ƙaramin yana zaune yana tsotsar wani tsumma. Ta ce, "Hajo, ke ce da rana haka? Kawo, ɗiyata." Na sauke, na koma zaure na juya baya. Ta daɗe. Ina jin ƙarar hatsi yana zuba, kuma duk macen da ta san hatsi ta san bambancin wanda ke shiga ƙwarya da wanda ke fita cikin kwano. Da ta kira ni, ta kama mini muka aza tare. Ƙwaryar ta tashi sama da sauri har ta kusa kuɓuce mana, don ni na sa ƙarfin nauyin da na sauke. Muka haɗa ido. Ta ce, "Allah ya kai Illa lafiya." Na ce amin, ban san da wane baki ba.

Na ƙarasa sauran gidajen don ba a yanke zagaye. Da la'asar na shiga gida. Inna ta shimfiɗa tabarma, Illa ya dawo daga gona ya jingine hauya ya tsuguna. Ta kwance zanen ta ɗaga faifai. Geron da ke ciki bai kai wanda ya fita ba, ko kusa. A kansa akwai dusa, da anza dafaffiya a ƙulle cikin ganye, da ɗan dunƙulen kanwa, da busasshiyar kuɓewa, da ƙwai biyu na zabuwa, ɗaya ya fashe. Wata ta sa zoben azurfa da ya sha jiki har ya zama siriri kamar zare. Duk a haɗa a kai Matankari, da ƙyar ya kai mutum Dosso, balle ya ci abinci a Yamai.

Ni fa jinina ya hau. Na ce, "Inna, na san gidajen. Wallahi na san su ɗaya bayan ɗaya, kuma yanzu zan koma in karɓo. Irinmu ne. Karatun yaron nan ne."

"Kin gani da idonki?"

"Wuyana ya ji."

"Wuyanki ba shi da baki," in ji ta. "Zauna."

Na ce ba zan zauna ba. Na ce ta hana jikanyarta wannan geron tana kuka a gabanta, ta bayar an cinye a waje. Na faɗi maganganu da yawa, wasu ba a faɗa wa uwa. Ita kuwa tana ta tsince ɓawon ƙwai daga cikin hatsin. Can ta ce in na je na tsaya a ƙofar mace na kira ta ɓarauniya a kan abin da aka rufe da faifai, daga ranar ba wadda za ta sake yarda ƙwarya ta shiga gidanta, kuma ita ba za ta zama matar da ta kashe abin da ta tarar ba.

Gab da magariba muka ji shi. Daka ne, a hankali, daga wajen gidan Gwaggo Dije, an naɗe turmin da tsumma don kada ya yi ƙara. Amma garin da ya yi makonni shiru, ko a rami ka yi daka sai an ji. Duk maƙwabta sun ji, ba wanda ya fito. Jim kaɗan iska ta kawo ƙamshin kunun gero. Yawu ya cika mini baki, ga haushi ga kwaɗayi, na rasa wanda ya fi. Na miƙe na ɗaura zane. Illa ne ya riƙe mini hannu.

"Yaya, bari su sha," ya ce. "An riga an daka."

Shi ke nan abin da ya faɗa. Bai yi kuka ba, ni na yi masa. Inna ta dama mana kunu da ɗan abin da ya dawo, muka sha mu ma, kuma ba zan ɓoye ba, ya yi daɗi, nonona ya kawo washegari. Zoben kuwa ta rasa mai shi, don tambaya ma tona asiri ce.

Illa ya ci gaba da noma kamar ba abin da ya faru. Mushe, malamin da ya koyar da shi, ya zo har ƙauye a kan babur, ya zauna ya yi ta jimami, shi ma albashinsa bakuna da yawa ke jira. Lokacin karɓar takardu ya zo ya wuce muna maimai. Ruwa ya yi kirki a ƙarshe, gero ya yi kai, muka gasa tumu muka ci har gumi. Jikokin Gwaggo Dije biyu sun ga kaka, ta tsakiyar ba ta gani ba. Inna ta je gaisuwa ta wuni a can, suka ci gaba da aminci har mutuwa ta raba su, kuma ban taɓa jin ɗayarsu ta ambaci ƙwarya ba. Ni kam na yi shekaru in na hango Gwaggo sai in sake hanya.

Da aka ɗaure dammuna Illa ya ce zai leƙa kudu ya yi 'yan watanni, ya tara abin tafiya, baɗi ya kai takardunsa. Na raka shi Matankari. Motar Dutsi, inda ake kama ta Yamai, tana tsaye, shi kuma ya hau bayan wata babbar mota da ta ɗauko wake za ta Kamba. Takardar bak ɗinsa tana cikin leda a ƙirjinsa. Baɗi ta zo, rufin ɗakin Inna ya faɗi, ya aiko aka gyara. Wata baɗin ciwon Inna. Daga nan aure, daga nan 'ya'ya. Yau yana Legas yana tura ruwa a kura, furfura ta fito masa, kuma har yanzu in ya yi Faransanci sai ka rantse wani babban ma'aikaci ne.

Wannan duk shi ya dawo mini a bakin kasko. Na yi kwanaki ina jan ƙafa, Ramatu kuwa sai wanke-wanke take da ƙarfi. Daga baya na kira Nasiru na ce ya kawo wayar. Na gyara ɗankwali kamar ana ganina, na yi sallama, na ce alhamdu lillahi muna cikin rufin asiri, yarinya ce dai ta ci jarrabawa, wanda ya ga da hali ya sa albarka. Nasiru ya tura yana girgiza kai. Addu'o'i suka yi ta shigowa, da hotunan hannuwa a ɗage. Abin da aka turo kuwa, in ji shi, ko katifa ba zai saya ba, kuma lokacin rajista yana matsowa.

Jiya da hantsi ina kwashe ƙosai wayar Ramatu ta yi ƙara, ta miƙo mini. Illa ne. Ashe yana cikin gurup ɗin. Ina jin hayaniyar motoci a bayansa, yana haki kamar yanzu ya ajiye kura.

"Yaya, na ji muryarki."

Na ce to, ai ka ji abin da yaran zamani suka sa ni.

"Ba ki faɗi komai ba," ya ce. "Wa zai ba wanda ya ce yana cikin rufin asiri? Ki sake. Ki ce ubanta ya rasu. Ki ce ƙosai kike toyawa, ki ce bana ko shi ba ya fita. In kuka ya zo miki kada ki haɗiye."

"Illa, gidanmu ba a taɓa..."

"Na sani. Ni aka rufe wa asiri, Yaya. Ga ni nan." Na ji wani yana kiran mai ruwa. "Ban ce Inna ta yi kuskure ba. Amma yarinyar nan kada ta zauna. Don Allah kada ki bari ta zauna."

Ya kashe, don katinsa ba shi da yawa. Na tsaya da matsami a hannu, mai yana ta ƙauri. Fasinjoji biyu suna jiran ƙosai, ga masu shayi, ga 'yan kamasho, duk waɗanda suka san ni da tsiwa shekara da shekaru. Na ce wa Ramatu ta nuna mini inda ake dannawa. Ta ce in bari mu koma gida. Na ce a'a, nan.

Na danna. Na ce, "Jama'ar Arewa, salamu alaikum. Ni ce Hajo mai ƙosai ta bakin tasha, uwar Ramatu. Wancan da na faɗa muku ba haka ba ne. Ba mu da shi."